Turancin bayan labule: tambayoyi da amsoshi kan yadda Turawa ke sakaya zancen kwanciya

Na daɗe ina koyar da manya Turanci, yawancinsu ma'aikatan jinya masu shirin tafiya Ingila, da ɗaliban da suka samu gurbin karatu a waje, da 'yan jarida masu fassara labarai. Akwai tambayoyin da ba a yi mini su a cikin aji. Sai an tashi kowa ya watse, sannan wani ya dawo kamar ya manta biro, ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah akwai wata kalma da na ji." Irin waɗannan tambayoyin ne na tara a nan. Ba batsa za a tarar ba, amma kuma ban yi ta kewaye-kewaye ba.

Wai Turawa ma suna sakaya wannan zance? Na ɗauka su komai a fili suke faɗa.

Fina-finai ne suka sa mana wannan zato. Dattijon Ingila zai iya zagaye gari guda da magana don kada bakinsa ya furta kalmar *sex* a gaban surukarsa. Suna kiran wannan dabara *euphemism*, kalmar da ta fito daga Girkanci, ma'anarta kyakkyawan furuci. Mu ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mukan ce mutum ya kusanci iyalinsa, ko sun sadu, ko yau wance ce da girki, kowa kuma ya san ba tukunya kaɗai ake nufi ba. Malamai suna kiran wannan kinaya, Alƙur'ani ma ya zo da ita: a Suratul Baƙara aya ta 187 an ce mata tufa ne ga mazansu, su ma tufa ne gare su, a Suratun Nisa'i aya ta 43 kuma aka ambaci shafar mata, wadda Ibn Abbas ya fassara da saduwa.

Abin da ke kayar da mai koyo shi ne, namu sakayen mun tashi da shi a kunne, nasu kuwa ya ɓuya a cikin kalmomin da muka haddace tun aji uku na firamare: *sleep*, *come*, *know*, *see*, *do*. Kalmomin batsa na ainihi ba su cika kunyata Bahaushe ba, don da jin su ya san ya kauce. Masu kama da salihai su ne ke ja masa.

Me ya sa aka yi mini dariya da na ce *I slept with my uncle*?

Saboda abin da suka ji shi ne ka tara da kawunka. *Sleep with*, idan mutum ne ya biyo bayanta, ba barci take nufi ba, kwanciya take nufi, ko da ba a runtsa ba. Haka *sleep together* da *go to bed with*. Hausa ma tana da wannan bambancin, lura ce ba mu yi: "na kwana a gidan wance" daban, "na kwana da wance" daban.

Idan sauka ka yi a gidansa, ka ce *I stayed at my uncle's*. Idan ɗaki ɗaya kuka kwana da abokin tafiya, *we shared a room*. Yara idan sun kwana gidan ƙawaye *sleepover* ake cewa, babu komai a ciki. *Sleep around* kuwa suka ce, ana yi wa mai bin maza ko mai neman mata barkatai.

Mene ne bambancin *have sex* da *make love* da *be intimate*?

Abu ɗaya suke nuni gare shi, rigar ce ta bambanta. *Have sex* ita ce tsaka-tsaki, likita zai faɗe ta, ɗan jarida zai rubuta ta. *Make love* tana ɗauke da ƙauna, ta ma'aurata da masoya ce. *Be intimate* ta fi su lulluɓi, ita za ka ji a bakin mai sasanta ma'aurata. *Sexual intercourse* ta takarda ce, asibiti da kotu. *Do it* ta matasa ce masu jin nauyin ambaton sunan abin. Sai na bakin tasha, irin su *shag* da *bonk* a Ingila, *screw* da *bang* a Amurka, waɗanda ya isa ka gane su idan ka ji, ba sai sun fito daga bakinka ba.

Masu karatun adabi su yi hattara da *make love*. Kafin ƙarni na 20 ma'anarta tsara mace da kalaman so, wato zance. A littafin *Emma* na Jane Austen, wanda ya fito a 1815, an ce wani limamin coci yana *making violent love* ga jarumar labarin a cikin keken doki. Iyakar abin da ya yi shi ne ya cafki hannunta yana zazzaga mata kalaman neman aure. Na taɓa ganin ɗaliba ta rufe littafin a daidai wurin tana salati.

Waɗanne kalmomi ne na Turancinmu na gida ke ba da wata ma'ana a waje?

Ta farko ita ce "ina zuwa". Mun kwashe ta ɗungurungum muka mai da ita *I'm coming*, kuma daga Kano har Kumasi kowa ya gane. Bature kuwa, da farko zai rasa yadda kake zuwa alhali ƙofa ka nufa, sannan *come* ita ce kalmar da suke faɗa wa kaiwa ƙarshen biyan buƙata a shimfiɗa. Idan an ƙwala maka kira daga wani ɗaki ka amsa *coming!* ba laifi, su ma haka suke yi. Idan fita za ka yi ka dawo, *I'll be right back* ce taka.

*Flash me* a wurinmu filashin ne, a wurinsu kuwa *flash* buɗe wa mutum tsiraici ne ba zato, laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kansa. Ka ce *give me a missed call*. Rakiya ma haka: *an escort* sau da yawa mace ce da ake biya ta raka namiji har ɗaki, don haka kada ki shiga masauki ki ce kina neman *escort* zuwa kasuwa, ki ce *can someone come with me*. *Madam* girmamawa ce idan kira ne, amma *a madam* magajiyar gidan karuwai ce. *Mistress* da muka saba kiran malamar makaranta da ita, yau dadiro take nufi. Zakara kuma, Amurkawa sun daɗe da guje wa *cock* suka koma *rooster*.

Akwai wadda ƙaramar kalma ɗaya ce ke raba ta da abin kunya. Idan kina so yaro ya je ya yi wasansa shi kaɗai, *play by yourself* za ki ce. Idan kika sa *with* a gurbin *by*, kin aike shi wasa da gabansa.

Ingila da Amurka ma suna samun saɓani a tsakaninsu?

Sosai, kuma mu da muka gaji Turancin Ingila mu ne ke shan wuya a Amurka. A makona na farko a wata jami'a a can, ina ɗakin karatu ina cike takarda da fensir, na yi kuskure, na juya wurin wata baiwar Allah da ke teburin kusa na ce, cikin ladabi, *excuse me, do you have a rubber?* Ta cire tabarau ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta tattara littattafanta ta koma can ƙarshen ɗaki. Sai da yamma wani ɗan Gana ya bayyana mini cewa kwaroron roba na roƙe ta. Magogin fensir a can *eraser* ne.

*Knock up* a tsohon Turancin Ingila ta da mutum daga barci ne ta hanyar ƙwanƙwasa masa. Kafin agogo mai ƙararrawa ya yi araha, a garuruwan masaƙu na arewacin Ingila har sana'a ce, mutum ya bi layi da asuba da doguwar sanda yana buga tagogin ma'aikata, kamar masu ta da mutane sahur. A Amurka kuwa *knock up* yi wa mace ciki ne. *Pants* wando ne a Amurka, kamfai a Ingila. *Fanny* a Amurka mazaunai ne, kalma mai sauƙi, a Ingila kuwa gaban mace ne. Randy sunan yanka ne a Amurka, a Ingila *randy* mai jarabar sha'awa.

'Yan'uwanmu na Nijar za su ji daɗin wannan: tsofaffin Ingilishi suna kiran kwaroron roba *French letter*, Faransawa kuma suka rama da *capote anglaise*. Ciwon tunjere ma Ingilishi sun ce na Faransa ne, Faransawa suka ce na Naples ne. Kowa maƙwabci yake jingina wa abin kunya.

Idan mace ta ce *I'm seeing someone*, me take nufi? *Partner* fa?

Tana nufin tana da wanda suke tare, ka ja da baya. *Dating* da *going out with* duk kusan haka ne. Kalmomin ba su faɗi ko an kai ga shimfiɗa ba, sai dai a al'adarsu yawanci haka ake ɗauka, saɓanin zance irin namu na zaure.

*Partner* ita ce ta fi rikita sababbin zuwa. A Ingila tana nufin wanda ake zaman tare da shi, da aure ko babu, namiji ne ko mace, kuma ita ce a takardun asibiti da na haya. Abokin kasuwancinka sai ka cika ka ce *business partner*. Matan Amurka kan kira ƙawayensu *girlfriends*, amma namiji idan ya ce *my girlfriend* budurwa yake nufi. Ma'aikatan jinya nakan ba su shawara kada su yi hasashen ko wacce ke gefen gadon mara lafiya matarsa ce ko 'yarsa. A tambaye shi *who's this with you today?* ya faɗa da bakinsa.

An gayyace ni shan gahawa. Da wata manufa a ciki?

Dubi agogo, dubi wurin. *Let's grab a coffee* da rana a shago, hira ce kawai, abokan aiki ma suna yi. *Do you want to come up for coffee?* da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a ƙofar gida, bayan an rako mutum, ba gahawa ba ce. 'Yan'uwanta su ne *nightcap*, da *your place or mine?*, da *Netflix and chill* wadda ta bazu wajen 2015 har ta zama abin barkwanci. Idan ba ki so, ba sai kin yi wa'azi ba, *thanks, but I should get home* ta wadatar, kowa ya gane.

Maza kuma su riƙe wannan: gayyata cikin gida ba amincewa ba ce a idon dokarsu. Wani lokacin gahawar ce da gaske.

Mene ne *hook up*? Na ji ana faɗa a Abuja, na kuma ji a fim.

Ba abu ɗaya ba ne. Matasan Amurka suna son kalmar ne saboda duhunta, tana iya nufin sumba kawai, tana iya nufin kwanciya, ba tare da alƙawarin komai ba. Tana kuma da tsohuwar ma'ana mai tsabta: *he hooked me up with a ticket*, wato ya samo mini tikiti. A Najeriya kuwa *hookup* ta tsuke ta koma kwanciya don kuɗi, wadda ake shiryawa ta waya. Don haka ɗan Amurka da ya ce *let's hook up next week* mai yiwuwa haɗuwa kawai yake nufi, amma kada ka maimaita wa 'yar Najeriya.

A gidan nan akwai *friends with benefits*, abokai da ke kwanciya ba soyayya, da *no strings attached*, da *fling*, 'yar gajeruwar alaƙa. *One-night stand* daga 'yan wasan kwaikwayo ta fito, masu yawo gari-gari a ƙarni na 19, suna nufin wasan dare ɗaya a gari ɗaya. *Sugar daddy* da muke ji kamar tamu ce, Amurka ta haife ta tun shekarun 1920.

Me ya haɗa wasan ƙwallon sanda da wannan zance?

Samarin Amurka ne suka ari matakan wasan *baseball*. *First base* sumba, *second base* da *third base* taɓe-taɓen da ke gaba da haka, *home run* ko *score* kwanciya, *strike out* kuma an kore shi bai samu komai ba. *Go all the way* ma daga wannan tunani take. A ofis dai idan aka ce wani shiri *didn't get to first base*, ana nufin ko motsawa bai yi ba, *touch base* kuma tuntuɓa ce zalla.

Yaya suke faɗin cin amanar aure?

Ta fili ita ce *cheat on* da *have an affair*. Mutanen Ingila masu son ƙwallo sukan ce *playing away*, wato yana buga wasan waje, ko yana da *a bit on the side*. Matar ita ce *the other woman*, ko *mistress* da muka ambata a amsar Turancin gida.

Wasu kalmomin kuwa abin kunyar manya ne ya haife su. A watan Yunin 2009 gwamnan jihar South Carolina ta Amurka, Mark Sanford, ya ɓace kwanaki, ma'aikatansa suka ce ya tafi tattaki a hanyar tsaunukan Appalachia. Ashe yana Ajantina wurin farkarsa. Tun daga nan *hiking the Appalachian Trail* ta shiga bakin 'yan jarida. A Landan kuma, zamanin Idi Amin a shekarun 1970, mujallar barkwanci ta Private Eye ta yaɗa *Ugandan discussions*, bayan labarin wata mata da aka ce ta hau bene da wani tsohon ministan Uganda a wurin liyafa, da ta sauko ta ce batun Uganda suke tattaunawa. Shi kuwa Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, da ya tsaya a Janairun 1998 ya musanta *sexual relations* da wata matashiyar ma'aikaciyar fadarsa, ya zaɓi kalmar ne don tana da wurin ɓuya, lauyoyi suka yi wata da watanni suna jayayya a kan iyakarta.

A tsofaffin littattafai na ga *he knew her*. Sani kuma?

Wannan ai kamar da Hausa aka rubuta. Mu ma mukan ce yarinya ba ta san ɗa namiji ba. Fassarar Baibul ta Sarki James, ta 1611, ta ɗauko wannan salo daga Ibrananci: Adamu ya san Hauwa'u, ta yi ciki. Har yau idan Bature yana tsokana zai ce ya san wance *in the biblical sense*. *Lie with* ma daga can take. Shakespeare kuwa bai cika kunya ba, a wasan *Othello* ya sa Iago ya ambaci *the beast with two backs*, dabba mai baya biyu.

*Intercourse* asalinta mu'amala ce da cinikayya. Dokar da Amurka ta kafa a 1809 ta hana kasuwanci da Ingila da Faransa sunanta Non-Intercourse Act, kuma har gobe akwai gari a Pennsylvania mai suna Intercourse. Sannu a hankali ma'anar shimfiɗa ta cinye sauran. *Conversation* ma ta taɓa shiga: *criminal conversation* ƙara ce da miji ke kai kwarton matarsa don a biya shi diyya, Ingila ta soke ta a 1857.

Ciki da haila fa?

*She's expecting* ita ce ta mutunci, daidai da juna biyu. *A bun in the oven* da *eating for two* na raha ne, *in the family way* ta tsufa, *up the duff* da *knocked up* kuwa ba a faɗa wa matar mutum. A 1952 gidan talabijin na CBS a Amurka ya hana a furta kalmar *pregnant* a shirin *I Love Lucy* alhali jarumar tana da ciki na gaske, sai *expecting* aka yi ta cewa. *Shotgun wedding* auren gaggawa ne bayan ciki ya bayyana, wai uban yarinya na tsaye da bindiga.

Haila *period* ce, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe ta. Masu sakayawa kan ce *that time of the month* ko *Aunt Flo* ta zo, kamar yadda muke cewa baƙon wata ko fashin salla. Zaman da iyaye ke yi da yaro su gaya masa daga ina jarirai ke fitowa shi ne *the birds and the bees*.

Malam, a asibiti wane irin Turanci zan ji, wane kuma zan yi?

A nan ne rashin sani ke cutarwa da gaske. *Are you sexually active?* tambaya ce ko kana saduwa a 'yan kwanakin nan, da matarka ko da wata. Na san magidanci mai mata biyu da ya amsa *no* da ƙarfinsa, don ya ɗauka ana tuhumarsa da neman mata. Likita ya rubuta abin da ya ji, gwajin da ya kamata a yi ba a yi ba. *Do you use protection?* kwaroron roba ake nufi, ba laya ko addu'ar tsari ba. *Are you trying?* wato kuna neman haihuwa. *On the pill* shan ƙwayar tazarar haihuwa. *Any chance you could be pregnant?* kuma kusan duk macen da ke shekarun haihuwa ana yi mata ita kafin hoton ƙashi, ko da aure ko babu, ba zargi ba ne.

Marasa lafiya tsofaffi a Ingila su ma suna sakayawa, mai jinya sai ta iya kamawa: *down below* ko *down there* gaba, *waterworks* fitsari, *trouble in the bedroom* raunin mazakuta ko ɗaukewar sha'awa.

Kai kuwa idan kai ne mara lafiya, ka ajiye kunya a bakin ƙofa. Babbar matsalarmu ita ce "sanyi". Mace ta ce wa likita tana da *cold*, ya ba ta shawarar shan ruwan ɗumi ta koma gida da ciwonta. Ki ce *discharge*, ki ce *itching*, ki ce *pain when I pass urine*, ki nuna wurin. A asibitocin gwamnati na Ingila ana samar da tafinta kyauta, kina iya neman likita mace, ko *chaperone*, wato wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin lokacin dubawa. Kada dai a mai da ɗan cikinki tafinta a irin wannan magana.

A labaran kotu nakan ga *carnal knowledge* da *defile*. Me suke nufi?

*Carnal knowledge* saduwa ce a bakin lauya, 'yar'uwar *know* da ke amsar tsofaffin littattafai. Kundin Criminal Code na kudancin Najeriya, a sashe na 357, da ita ya bayyana fyaɗe, shi kuwa Penal Code na arewa a sashe na 282 *sexual intercourse* ya ce. *Defile* ana faɗarta idan ƙaramar yarinya ce. *Molest* da *indecent assault* taɓa jiki ne da ƙarfi ko ba izini, don haka kada ka rubuta cewa 'yan sanda sun *molesting* direbobi idan matsa musu kake nufi, *harass* ce kalmarka. *Grooming* shi ne jan yaro a jiki da kyauta da daɗin baki har a kai ga lalata. A shari'ar aure za ka ga *consummate*, saduwar farko bayan ɗaurin aure, da *conjugal rights*, haƙƙin zaman aure.

A nan ina da ƙorafi a kan abokaina 'yan jarida. Sakaye ado ne a ɗakin ma'aurata, amma a labarin zalunci mai laifi yake rufa wa asiri. *Inappropriate relationship* tsakanin malami da 'yar shekara sha biyu ba alaƙa ba ce. *Had sex with a minor* ma tana sa abin ya yi kama da yarjejeniya. Sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu sun kira matan da suka tsare suna yi wa fyaɗe *comfort women*, masu sanyaya rai. Mu ma da muke rubuta "ya lalata ta", mu duba a kan wa lalacewar ta faɗa a jimlar. Kalmar fyaɗe tana nan.

Me ya sa kalmar *adult* ke sa mutane murmushi?

Domin *adult film* da *adult shop* na batsa ne, *adult education* dai ta tsira, ita ce yaƙi da jahilci. *Gentlemen's club* a Amurka gidan rawar tsiraici ne, a Landan kuwa tana iya zama tsohuwar ƙungiyar masu kuɗi. *Working girl*, *call girl* da *lady of the night* duk mata masu zaman kansu ne, shi ya sa ma'aikaciya *working woman* ce. Ƙungiyoyin lafiya yau *sex worker* suke rubutawa.

Na duba wayar ɗana na ga kalmomin da ba su cikin ƙamus.

Sabon sakaye ne, kuma ba kunya ce ta haife shi ba, tsoron na'ura ne. TikTok da Instagram suna danne rubutun da ke ɗauke da wasu kalmomi, sai matasa suka karkata su: *seggs* a madadin *sex*, *corn* ko hoton masara a madadin *porn*, *grape* a madadin *rape*. *Body count* yawan waɗanda mutum ya kwana da su, *smash* kwanciya, *nudes* hotunan tsiraici, *NSFW* gargaɗi ne kada a buɗe a gaban mutane. Hoton dogon yalo mai ruwan shunayya da na ɗigon ruwa ba girki suke nufi ba.

Ganin kalma ɗaya bai isa a yanke wa yaro hukunci ba, da yawa barkwanci suke kwafa. Wanda ya kamata ya ta da hankalinki shi ne baƙon da ke cewa *send pics* ko *our little secret*. Duba *grooming* a amsar kotu.

Me ya sa kalmomin ba sa tsayawa wuri ɗaya?

Saboda mayafin yakan ɗauki warin abin da ya rufe, sai a nemi sabo. Masanin harshe Steven Pinker ya kira wannan *euphemism treadmill*, ana ta tafiya ba a gusawa. *Intercourse* misali ce. Zamani ma yana da hannu. A 1818 Thomas Bowdler ya fitar da Shakespeare da aka tace don karatun iyali, har sunansa ya zama kalmar *bowdlerise*. Zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, ya ƙara ɗaure bakin mutane. A Hollywood kuma dokar Hays ta tace fina-finai, wadda aka tsananta daga 1934 har aka watsar a 1968, ita ta koya wa masu fim su juya kyamara wajen taga idan masoya sun rufe ƙofa.

Ni mai fassara ne. In sakaya ko in fito fili?

Ka auna nauyin rigar da marubucin ya sa wa maganar, ka ɗinka irinta. *Be intimate* ta dace da kusantar juna, *sexual intercourse* da jima'i ko saduwa, *they slept together* da sun kwana tare, *a bun in the oven* da juna biyu ko ta harbu idan raha ake yi, ba burodi a tanda ba. *Consummate* ba tarewa ba ce, don amarya na iya tarewa ba a sadu ba, malaman fiƙihu duhuli suke cewa. Na bakin tasha kuwa, idan don rediyo ne, sauko da su mataki ɗaya, amma ka bar alamar cewa mai maganar ba shi da ladabi, in ba haka ba ka mai da ɗan iska limami. Labarin asibiti da na kotu kuma, koma ga amsoshinsu a sama.

Idan na riga na yi katoɓarar fa?

Ka ce *sorry, that means something else where I come from*, ka faɗi abin da kake nufi, a yi dariya a wuce. Sun saba da baƙi, kuma su kansu suna yi wa juna tsakanin Landan da New York. Idan ka ga fuskoki sun canza, ko wani ya ce *that's what she said*, to kalmarka ta yi harshen damo. Daga baya ka duba ƙamus na masu koyo irin na Oxford ko Longman, ka karanta har ma'ana ta ƙarshe, inda ake sa alamar *slang* ko *taboo*, don can ƙasa ake ɓoye su.

Ita baiwar Allah ta ɗakin karatu, washegari na same ta na ba ta haƙuri, na zana mata abin da nake nufi a takarda. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta buɗe jaka ta miƙo mini magogi ja, ta ce in riƙe, kuma in daina tambayar mata.